Ƙyallayen da Muka Ɗaura wa Gawo

Har gobe ban manta da wata Laraba ta tsakiyar damina ba, ranar da na ɗauki biro na sa hannu a kan cewa bishiyoyi ashirin da bakwai sun mutu, alhali na san da ransu, kuma ni ce na koya wa yara yadda ake gane hakan. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare kafin na ajiye aiki. Ku da kuka shigo bayanmu kuna yawan tambayata abin da ya fi tsaya mini a rai, kuna zaton zan ce rashin kujeru ko faɗan iyaye. To ga shi na rubuta, ku karanta, kada wani ya sake tare ni a gidan suna da wannan tambayar.

Ni 'yar Gwarzo ce. Da takardar Giredi Tu na fara aiki, wato ƙaramar shaidar malanta ta wancan zamanin. Bayan 'yan shekaru aka tura ni wani ƙauye a bayan Garo, ba zan kama sunansa ba, don wasu daga cikin masu abin suna raye. Lokacin tsuke bakin aljihu ne. Alli ma a aljihun tebur hedimasta yake kulle shi, in ka je roƙo ya karya sanda ɗaya gida biyu ya ba ka rabi, kana godiya. A bazarar shekarata ta biyu a can, iska ta zo ta kwashe rufin aji biyu, ajin da nake riƙe da shi. Hedimastanmu, Malam Sule, ya rubuta wa ofishin ilimi. Ofis ya ce a yi haƙuri. Haƙurin nan shekara shida muka yi muna yin sa.

Na koma tara yara arba'in da wani abu a inuwar bango, muna bin inuwar tana gudu. Kafin ƙarfe sha ɗaya ta ƙare, yara sun fara gyangyaɗi, ni kuma murya ta dushe. Mai gadin makarantar, Baffa Jibo, yana zaune can gefe yana kallonmu. Tsoho ne daga gidan makiyayan da suka zauna suka kama noma, yana da 'yan awakinsa, bai taɓa riƙe fensir ba a duniya. Wata rana bayan an tashi ya tare ni, muka gaisa, ya tambayi gida da gajiya da zafi, sannan ya ce, "Malama, kin tara 'ya'yan mutane a gindin bango kamar kaji. Ba ga fili can ba?"

Na ce, "Baffa, me zan koya musu a fili? Allo ma ba ni da shi."

Ya ce, "Ke dai kawo su gobe. Abin da ban sani ba ki faɗa, abin da ba ki sani ba in faɗa."

Gaskiya na ji haushin maganar. Ina da takarda, mai gadi yana ce mini akwai abin da ban sani ba. Amma rana ta fi ni taurin kai, washegari na kora su filin bayan makaranta, wanda ya gangara har bakin wani ɗan rafi. A makon farko na gane cewa ni ce 'yar aji ɗaya a wurin.

Tun daga nan karatunmu ya koma bin shekara. Da bazara Baffa yana sa su duba sama su nemi shamuwa, wanda ya fara ganinta shi ne sarkin ranar, don zuwanta yana nufin ruwa ya kusa. Yana koya musu kada su ɗaga dutse da hannu, sai da sanda, kuma su ɗaga shi ta ɓangaren da ba ya kallonsu, saboda kunama. Da damina sai ganye. Yara 'yan shekara bakwai suka iya raba tafasa da rai-ɗore ta hanyar murza ganyen su sansana, suka san lalo da yaɗiya da gasaya, suka san zaƙami ba abin wasa ba ne ko da furensa ya yi kyau. Da kaka su ɓare rama su tufka igiya, su tsinci ɗinya bakinsu ya yi baƙi ƙirin. In sanyi ya shigo sai magarya da aduwa, da bin sawu a yashin rafi, wannan na bushiya ne, wannan na damo, wannan kuwa maciji ne ya ja ciki, a koma baya. Ni kuma ina biye ina cusa nawa. Lissafi da ƙwallon magarya muke yi, rubutu a yashi da tsinke. Yaron da ya rubuta sunan tafasa da yatsansa bayan ya ci kwaɗonta jiya a gidansu ba ya mantawa da haruffan.

Doka ɗaya Baffa ya kafa, ni kuma na mayar da ita dokar aji. In aka tambaye ka, ka faɗi abin da idonka ya gani. Ba abin da kake so ba, ba abin da ka ji wani ya ce ba. Yaro in ya zo yana cewa ya ga kura a rafi, Baffa zai kama hannunsa ya ce mu je ka nuna mini sawun. Sau biyu ake yi wa yaro haka ya daina.

Yanzu bari in zo kan gawo, don mai karatun da ya tashi a birni. Gawo bishiya ce mai yi wa sauran itatuwa saɓani. Da damina, lokacin da ko'ina ya yi kore, ita sai ta zubar da ganyenta ta tsaya tsirara, fara fat, sai ƙaya. In ruwa ya ɗauke, komai ya fara bushewa, sai ta fito da ganye, ta yi inuwa duk rani, ta zubo wa awaki 'ya'yanta. Shi ya sa manomi yake son ta a gona, ba ta tare wa gero rana, ganyen da ta zubar kuma taki ne. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar nan ya san wannan.

A filin namu akwai tsofaffin kututturan gawo da aka sare tun da daɗewa, kowace shekara suna tofo, awaki suna cinyewa. Baffa ya nuna wa yara yadda ake zaɓar reshe ɗaya mai ƙarfi a bar shi, a yanke sauran, a kewaye shi da ƙayar magarya. Muka ƙirga, ashirin da bakwai. Aka raba wa yara, wasu su biyu a bishiya ɗaya, aka bar mini ɗaya. Da yake yawancinsu ba su iya karanta suna ba tukuna, sai na ce kowa ya roƙo ɗan ƙyalle a wurin innarsa, ragowar ɗinki, ya ɗaura wa tasa don ya gane ta. Ni ma na yago bakin wata tsohuwar atamfata shuɗiya na ɗaura. Kowace safiya yaro zai tsaya gaban bishiyarsa ya faɗi da ƙarfi abin da ya gani, yau ganye ya fara zuba, yau tururuwa ta hau, yau akuya ta ture ƙaya. Duk wata sai a kwance ƙyallen a sassauta, kada ya shaƙe itacen yana girma. In shekara ta ƙare, mai wucewa aji uku ya kwance nasa, sabon ɗan aji biyu ya ɗaura nasa, su yi musabaha. A shekara ta shida bishiyoyin sun wuce tsayin bangon ajin da ba shi da rufi, kuma da rani a inuwarsu muke karatu. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar a shekarun nan ba, kuma ban sake ji ba.

Shekarar ce aka fara maganar Shari'a a jihar nan. Mu mutanen ƙauye murna muka yi, ni kaina na yi. Amma a ofisoshi wani tsoro ya shiga, kowa yana gudun a ce a ƙarƙashinsa aka ga wani abu. A cikin wannan yanayin wani bawan Allah ya zauna ya rubuta takardar ƙorafi ba suna, ya aika ofis. Ya ce akwai wata malama da take kai ƙananan yara daji, tana sa su ɗaura wa itatuwa tsumma, kowace safiya su tsaya suna yi wa itatuwan magana. Ka ga a rubuce duk abin da ya faɗa ya faru. Ma'anar da ya ɗora masa ce Allah kaɗai zai yi mana hisabi a kai. Ina da wanda nake zargi, amma dokar Baffa ta hana ni faɗa, don idona bai gani ba.

Maganar ta riga takardar zagawa gari. Limamin ƙauyen, Malam Habu, wanda yake da makarantar Islamiyya da yaran nan suke zuwa da yamma, bai aiko a kira ni ba, da ƙafarsa ya zo. Ya zaga filin, ya tsaya wurin wata yarinya, Talatu, 'yar shekara bakwai mai bakin tsiwa, wadda ƙyallenta ja ne. Ya ce, "Ke, me kike roƙon itacen nan?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar da ba ta dace da babba ba. Ta ce, "Allah gafarta Malam, itace ai ba ya ji. Malama nake gaya wa ganye ya zube."

Ya ce, "Jan ƙyallen fa?"

Ta ce, "Don kada Sani ya ce tasa ce. Tasa ta karkace."

Malam Habu ya yi dariya har ya riƙe gemu. Ya juyo ya ce mini, "Malama, ban ga komai a nan ba sai lada. In ana bukata, ni zan je ofishin da kaina in yi bayani. Ki aiko kawai." Na yi godiya, na koma gida da sanyin zuciya, ina ganin magana ta mutu.

Bayan mako biyu, ranar Larabar nan, sufeton makarantu ya iso a kan babur, ƙafar wandonsa duk taɓo. Aikin sufeto shi ne ya zaga makarantu ya duba rajista da littafin shirin darasi, ya rubuta rahoto, kuma abin da ya rubuta a kanka shi ne kai a idon ofis. Wani Alhaji ne mai sanyin magana, ɗan manoma, ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi ba ni ciwo. Aka kira ni ofishin hedimasta. Bayan doguwar gaisuwa sufeton ya zaro takardar ya ajiye a tebur, na ga an riga an buga mata hatimi an ba ta lamba.

Na fara bayani, na ce Liman ma ya zo ya gani. Sufeton ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, na yarda da ke tun kafin ki buɗe baki. Ni ma a gona na tashi. Amma takarda in ta sami lamba sai an rufe ta da wata takardar. Hanya biyu ce. Ko a kafa kwamiti, a ba ki takardar tuhuma ki amsa, a zo a yi bincike. Za a wanke ki, ba na shakka. Amma tuhumar tana nan a fayil ɗinki. Kin kuma san ana tace masu Giredi Tu bana, kin san waɗanda ake fara cirewa."

Na sani. Duk wanda aka ga tabo a fayil ɗinsa shi ne a sahun gaba. Ina da 'ya'ya huɗu, mahaifinsu ya rasu shekara biyu kafin nan, aikin nan shi ne tukunyar gidan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaya hanyar fa?"

Ya ce, "In babu itatuwan, babu maganar. Sai in rubuta cewa na zo ban tarar da komai ba."

A nan ne ƙa'ida ta shigo. Ba a sare ɗanyen itace a filin makaranta sai da izinin malamin daji, wato ma'aikacin da yake kula da itatuwa, shi kuma sai ya zo ya gani ya tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da ake son binnewa. Amma busasshen itace ba ya bukatar kowa. Fom ne guda, a rubuta cewa ya mutu, mutum uku su sa hannu, malamin da abin yake hannunsa, da hedimasta, da sufeto. Malam Sule ya leƙa ta taga. Ko'ina kore shar, gero ya kai ƙugu, ga bishiyoyinmu a tsaye fari fat ba ganye ko ɗaya, ƙyallaye suna kaɗawa. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ai ga su nan, kowa ya gani, a bushe suke."

Mu uku a ɗakin nan, babu wanda bai san gawo ba. Babu wanda ya yi kuskure. Sufeto ya sa hannu, Malam Sule ya sa, aka turo mini fom ɗin. Gidan Liman bai kai tafiyar minti biyar ba, kuma ya ce in aiko kawai. Na tuna da hakan sarai a lokacin, kada wani ya yi mini uzurin cewa na ruɗe. Ban aika ba. Na sa hannu, har na gyara wani harafi da bai fito sosai ba.

Da aka fito, Malam Sule ya kira Baffa ya ce gobe ya kawo gatari. Baffa ya tambayi me za a sara, aka gaya masa. Ya dubi hedimasta ya ce, "Malam, wa ya ce sun mutu?"

Malam Sule ya ce, "Takarda. Har Malama ta sa hannu."

Baffa bai dube ni ba. Da ya dube ni ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Gatarina na busasshe ne. A nemi wani." Malam Sule ya ce umarni ne, in ba zai bi ba ya san sauran. Baffa ya laluba aljihu, ya ciro makullan makaranta ya ajiye a kan dakalin ofis, ya ce a gafarce shi in ya taɓa saɓa wa wani. Mutumin da ya fi kowa ƙaramin matsayi a makarantar ke nan, sunansa ma a ƙarshen takardar ma'aikata yake, shi ma kuma yana da bakunan ciyarwa.

Washegari da safe, kafin masu saran da aka ɗauko daga wani ƙauye su iso, na tarar da shi a fili yana kwance ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Bai yanke ko ɗaya ba, da farce yake warware ƙullin. Yara suna zuwa yana miƙa wa kowa nasa, bai yi kuskuren ko mutum ɗaya ba. Da ya gama ya zo inda nake tsaye ya miƙo mini shuɗin. Ya ce, "Malama, ga naki." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya kora awakinsa ya tafi.

Saura yara. Malam Sule ya ce lallai in gaya musu da bakina, don kada su je gida da wata magana daban. Na tara su a gindin bangon da muka baro shekara shida da suka wuce. Na ce bishiyoyin sun mutu, za a sare su. Sai Talatu ta ɗaga hannu, jan ƙyallenta a dunƙule a ciki.

Ta ce, "Malama, ba su mutu ba. Damina ce. Na kankare tawa da farce jiya, cikin kore ne."

Ni na koya mata wannan kankarewar. Na ce, "Talatu, zauna."

Ta ce, "Malama, ki zo ki gani."

Na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa yaro ba, na ce in ta ƙara magana sai na zane ta. Ta zauna. Daga inda muke muna jin saran, ɗanyen itace kuwa ƙararsa daban ce da ta busasshe, kuma duk yaran nan sun san bambancin. Na sa su karanta ɗaya zuwa ɗari da ƙarfi, suka gama na ce a sake.

Aka rufe takarda. Tacewa ta zo ta wuce, sunana bai fito ba. Malam Habu ya haɗu da ni a hanya kwana biyu bayan saran, ya amsa gaisuwata da kyau, ya ce, "Malama, na yi ta jiran aike." Na ce abin ne ya zo da gaggawa. Ya ce Allah ya kyauta, ya wuce.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na lallashi kaina na manta. Amma gawo bai san an sa hannu ba. Ruwa ya ɗauke, aka yi girbi, sanyi ya fara shigowa. Wata safiya ina gindin bango sai ga yara sun kwaso a guje daga bayan makaranta, suna ihu, Malama, Malama, sun tashi. Na bi su. Kututture ashirin da bakwai, kowanne ya fito da tofo kore shar, wani har ya kai gwiwar yaro. Wasu yaran tuni sun fara jan ƙayar magarya suna kewayewa, ba wanda ya sa su. Talatu tana durƙushe tana zaɓar reshen da za a bari.

Malam Sule ya zo ya tsaya a bayana. A hankali ya ce, "Malama, kin san abin da wannan yake nufi. In malamin daji ya biyo ta nan ya ga mataccen itace yana tofo, hannun mutum uku ne a takardar." Ranar Asabar, da ba makaranta, ya sa aka tara karan dawa a kan kowane kututture aka cinna wuta. Ban je ba, amma na san za a yi tun ranar Alhamis, kuma na yi shiru. Ranar Litinin yara suka tarar da baƙaƙen da'irori ashirin da bakwai a fili. Babu wanda ya yi kuka, babu wanda ya tambaye ni komai. Suka zo suka zauna a gindin bango suka naɗe ƙafa.

Ƙarshen zangon nan na yi musu jarrabawar baka, kamar yadda ake yi wa 'yan aji biyu, ana kiran yaro a yi masa tambaya a ba shi maki. Tambayoyin tun farkon shekara na rubuta su a littafin shiri, ban sake dubawa ba. Da aka zo kan Talatu, na karanta ta gaba a jeri ba tare da na yi tunani ba. Na ce, "In kika ga gawo ba ganye da damina, me ya same shi?"

Ta dube ni. Ba tsiwa a fuskarta, tsiwar ta daɗe da tafiya. Da gaske take son ta ci jarrabawa. Ta ce, "Malama, wacce amsar kike so? Ta da, ko ta yanzu?"

Na rufe littafin. Na ba ta maki cikakke, na sallami sauran ba tare da na tambaye su ba, na zauna a gindin bangon nan har aka tashi.

Shekara ta zagayo aka yi wa ajin rufi, aka kawo allo sabo. Na ƙaro karatu, na sami babbar takarda, na yi hedimasta a makarantu biyu, har aka ba ni shaidar yabo ranar da na ajiye aiki, da aka karanta cewa fayil ɗina ba tabo ko ɗaya. Mutane suka tafa. Baffa Jibo ya rasu ban je na nemi gafararsa ba, kullum ina cewa sai an yi hutu. Filin nan na bi ta wajensa bara a mota, ba ko inuwar da akuya za ta fake.

Abin da na koya game da aikinmu ba mai daɗi ba ne, amma ku riƙe. Mu malamai ba mu cika yin ƙarya don mugunta ba. Muna yin ta ne a ɗaki mai tsabta, bayan doguwar gaisuwa, tare da mutanen kirki, kowa yana taimakon kowa ya tsira da tuwonsa. Sufeton nan taimakona ya yi niyyar yi, kuma ya taimake ni. Ina kuma jin wasunku suna cewa yaran yanzu ba sa faɗin gaskiya, sai abin da malami yake son ji. Kafin ku ɗaga bulala ku tambayi kanku a wane aji suka koya. Ni na san ajin da Talatu ta koya, na san ranar, na san malamar. Shekara guda na yi ina koya mata ta yarda da idonta, na rushe shi a safiya ɗaya.

Shuɗin ƙyallen yana nan a cikin akwatina, tare da takardar yabon. Jikata ta taɓa ganinsa ta ce, Hajiya, wannan tsumman na mene ne, in yar? Na ce ta mayar da shi inda ta gan shi.